Jirgin DLR na Landan yana cinye mini kuɗi, ina ne nake kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Sati biyu ke nan da zuwana Landan karatun digiri na biyu. Ina zaune a Woolwich, makarantarmu kuma tana daf da tashar Cyprus, don haka kullum DLR (Docklands Light Railway, ƙaramin jirgin ƙasa na gabashin Landan) nake hawa, da katin banki nake biya. An ce mini kuɗin tafiyar bai kai fam uku ba, amma da na duba asusuna sai na ga ana cire mini kusan fam ashirin a yini. Ranar Asabar kuma na je gaida gwaggona a Croydon, muka hau taram, ƙaramin jirgin nan mai bin titi, da muka sauka na zaro kati zan taɓa sai ta riƙe mini hannu ta ce ba a yi. To wanne ne daidai, a taɓa ko kada a taɓa? Kuma kuɗin da aka cire za su dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Sannu da zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gwaggonka ta yi gaskiya, wanda ya ce maka kuɗin bai kai fam uku ba shi ma bai yi maka ƙarya ba. Na daɗe a gabashin Landan, kuma kusan duk watan Satumba sai na zauna da sababbin ɗalibai mun bi irin wannan lissafi layi-layi, shi ya sa tun kafin in ga asusunka na san inda kuɗin suka bi.

Bari in maimaita maka yininka. Da safe ka shiga tashar Woolwich Arsenal. Can akwai shinge, ƙofar ba ta buɗewa sai ka ɗora kati a kan faifan nan mai launin rawaya, dole ka ɗora. Ka sauka a Canning Town ka canja zuwa jirgin da ya nufi Beckton, ka sauka a Cyprus. A nan ba shinge, ba mai tsaron ƙofa, ba wanda ya ce maka kanzil. Ka ga jama'a suna ficewa, kai ma ka bi ayari. Abin da idonka bai kai kansa ba shi ne wata 'yar na'ura a tsaye a gefen hanyar fita, tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba, da irin wancan faifan rawaya a jikinta. Mutanen da ka bi sun taɓa, sai dai hannunsu ya saba, a cikin tafiya suke miƙa waya ko kati su wuce ba tare da sun ko rage sauri ba. Da yamma ka dawo ta nan, ba ka taɓa ba, ka isa Woolwich ka taɓa don ƙofa ta buɗe maka. A wajenka tafiya biyu ka yi, zuwa da dawowa. A wajen kwamfutar TfL, wato hukumar sufurin Landan, da safe wani kati ya shiga bai fita ba, da yamma kuma ya fita ba a san daga inda ya fito ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, sauran dokokin duka daga gare shi suka tsiro: na'urar ba ta ganinka. Ba ta san ka hau jirgi ba, ba ta san ka sauka ba. Taɓawa kawai ta sani. A gida in ka hau motar haya, yaron mota yana kallonka, ya san a ina ka shiga, ya ga inda ka ce akwai, sai ya yanke maka kuɗi daidai nisanka. A nan faifan rawaya shi ne yaron motar, amma makaho ne, sai ka sanar da shi da kanka. Kuɗin DLR kuwa da nisa ake lissafa shi, kamar na jirgin ƙarƙashin ƙasa. An raba birnin shiyya-shiyya kamar zobba, shiyya ta 1 ita ce tsakiyar gari, lamba tana ƙaruwa kana nisa da ita. Bank da Tower Gateway suna shiyya ta 1, Canary Wharf tana ta 2, Cyprus da filin jirgin sama na London City suna ta 3, Woolwich Arsenal tana ta 4. Wasu tashoshin, irin su Canning Town da Stratford da Lewisham, suna kan iyakar ta 2 da ta 3, ana lissafa maka wadda ta fi sauƙi. Tafiyarka ba ta fita daga shiyya ta 3 da ta 4 ba, shi ya sa take da araha. Amma in an rasa ƙarshe ɗaya na tafiyar, ba yadda za a san shiyya nawa ka ratsa, sai a ɗauka ka yi mafi nisa a caje ka kuɗi mafi tsada, wanda ya kusa fam goma. Biyu a yini, ga fam ashirin ɗinka.

Za ka ce me ya hana su sa shinge ko'ina a huta. DLR tun da aka buɗe shi a 1987 an gina shi ne a kan rage ma'aikata. Jirgin ma ba direba, kwamfuta ke tuƙa shi, shi ya sa za ka ga yara suna rububin kujerar gaba suna kwaikwayon tuƙi (in ka sami wuri ka zauna ranar da za ka bi ta Canary Wharf, ba kunya a ciki). Tashoshinsa 45, kuma waɗanda suke da shinge 'yan kaɗan ne, inda ya haɗu da wasu jirage: Bank, Canning Town, Stratford, West Ham da taku ta Woolwich Arsenal. Sauran a buɗe suke kamar kasuwa. Kai rashin sa'arka shi ne ka fara daga tasha mai shinge, sai ka zaci inda ba ƙofa ba biya.

Daga gobe, da zarar ka sauka a Cyprus, kafin ka bar harabar tashar, nemi na'urar. Ɗora katin shi kaɗai a kan faifan, ka ɗan dakata. Koren haske da ƙara sau ɗaya, ta karɓa. Jan haske da ƙara sau biyu, ba ta karɓa ba, kada ka wuce. Sau ɗaya ake taɓawa. Akwai masu kokwanto, su taɓa su wuce, zuciya ta ce musu anya, su dawo su sake. Taɓawa ta biyun tana iya zama buɗe sabuwar tafiya da ba za a rufe ba, ka ga an gudu ba a tsira ba. Haka da yamma, ka taɓa kafin ka hau dandamali.

A Canning Town kuwa, inda kake canja jirgi, kada ka taɓa komai. Kana cikin shinge, tafiyarka ba ta ƙare ba. Haka in ka sauka daga DLR ka shiga layin Jubilee na jirgin ƙarƙashin ƙasa a wannan tashar, ko ka canja daga wani DLR zuwa wani a Poplar. Inda ake taɓawa a tsakiyar tafiya shi ne inda canjin ya sa ka fita daga wata tasha ka shiga wata: Tower Gateway zuwa Tower Hill, Bow Church zuwa Bow Road, DLR na Shadwell zuwa tashar jirgin ƙasa ta Overground a Shadwell, ko DLR na Canary Wharf zuwa Jubilee. A irin waɗannan ka taɓa ka fita, ka taɓa ka shiga, in dai ba ka tsaya shiririta a tsakani ba kwamfuta za ta haɗe su ta lissafa maka tafiya ɗaya. An ba kowane wuri 'yan mintunansa. In ka tsaya cin abinci ko sayayya lokacin ya wuce, tafiya biyu ce.

Akwai kuma faifai mai ruwan hoda da za ka gani a dandamalin wasu tashoshi kamar Stratford, Whitechapel, Canada Water da Highbury & Islington. Wannan ba na shiga ba ne, ba na fita ba. Shaida ce kake bayarwa cewa ka zagaye tsakiyar gari ba ka ratsa shiyya ta 1 ba, don a yi maka kuɗi mai sauƙi. A hanyarka ta makaranta ba ruwanka da shi. Ranar da za ka arewacin Landan ta Stratford, ka taɓa shi lokacin canji, sannan ka taɓa rawaya a inda ka sauka kamar kullum.

Yanzu taram ɗin gwaggo. Abin da ke rikita baƙo shi ne taram da DLR kamar 'yan uwa suke a ido: dukkansu ƙananan jirage ne, tashoshinsu a buɗe, faifan rawaya iri ɗaya. Amma a wajen kuɗi, taram ɗan gidan bas ne. Tun da ya fara aiki a 2000 yana haɗa Croydon da Wimbledon, Beckenham Junction, Elmers End da New Addington, kuma kuɗinsa ɗaya ne ko tasha ɗaya ka yi ko ka kai ƙarshen layi. An sa shi £1.75 a watan Maris na 2023, bai motsa ba a 2024 da 2025. Tunda nisa ba ya cikin lissafi, ba wanda yake buƙatar sanin inda ka sauka. Taɓawa ɗaya ce, a dandamali, kafin ka hau. A cikin taram ɗin babu na'ura, in ka shiga ba ka taɓa ba sai ka sauka. Da gwaggo ta bar ka ka taɓa bayan saukarku, da an rubuta ka sake hawa wani taram. In awa ɗaya ba ta cika da taɓawar farko ba, ba za a cire komai ba, saboda tsarin Hopper da magajin gari Sadiq Khan ya kawo a 2016, wanda tun 2018 ya ba mutum damar hawa bas da taram ko sau nawa cikin awa ɗaya da kuɗin hawa ɗaya. In awar ta wuce, wani £1.75 ne ya tafi a banza. Ka lura, Hopper na bas da taram ne kawai, DLR ba ya ciki. Kuma kada ka je tashar taram da tsabar kuɗi, an cire injinan sayar da tikiti tun 2018, kamar yadda bas ya daina karɓar tsaba tun 2014.

Wimbledon ita ce ramin da har 'yan gari suke faɗawa. Dandamalin taram yana can cikin babbar tashar jirgin ƙasa, bayan shinge. In daga titi ka shigo, sai ka taɓa a ƙofa ta buɗe, amma ƙofar ba ta san taram za ka hau ba, ta ɗauka jirgin ƙasa ko layin District na jirgin ƙarƙashin ƙasa ka nufa. Dole ka sake taɓawa a na'urar da ke dandamalin taram kafin ka hau, ita za ta gyara lissafin. In ba ka yi ba, an buɗe maka tafiyar jirgi da ba za ta rufu ba, ga kuɗi mafi tsada, ga shi kuma a kan taram ɗin kai marar tikiti ne. In kuma a taram ka iso za ka fita gari, ka taɓa a ƙofar fita kawai, kada ka taɓa ta dandamalin taram. Wanda ya sauka daga taram zai shiga jirgin ƙasa ko District, shi kuma sai ya taɓa faifan rawaya na ɓangaren jirgin kafin ya hau, don a buɗe masa sabuwar tafiya. Karanta allunan da ke wajen a natse, sun rubuta komai, gaggawa ce ke hana mutane gani.

Akwai wata da ta fi kama mu Hausawa, ni ma ta taɓa kama ni: rakiya. Surukina ya kawo mana ziyara, na raka shi tasha, kunya ta hana ni yin sallama a bakin shinge, na taɓa kati na bi shi har dandamali. Jirgi ya zo muna tsakiyar maganar wani fili a gida, muka ce bari na gaba. Na gaba ya zo, muka ce na bayansa. Sai da muka kwashe wajen minti arba'in sannan ya hau, ni kuma na juyo na taɓa na fita ta ƙofar da na shigo. Washegari na ga kuɗi mafi tsada har sau biyu, alhali ƙafata ba ta taka jirgi ba. Ƙa'idar ita ce, in ka shiga ka fita a tasha ɗaya cikin minti biyu, ana cire mafi tsada, sai in ka sake shiga cikin minti 45 a mayar maka. Tsakanin minti biyu da talatin, ana cire mafi ƙarancin kuɗin tafiya daga wannan tashar. Sama da minti talatin, ana ɗaukar shigar da fitar a matsayin tafiya biyu da ba a kammala ba. Tun daga ranar rakiyata a bakin ƙofa take tsayawa, a yi addu'a a rabu. Dangin wannan shi ne daɗewa a hanya. Kowace tafiya tana da iyakar lokaci gwargwadon shiyyoyin da ta ratsa, in ka zauna a dandamali kana waya da gida har ya wuce, sakamakon ɗaya ne.

Sai maganar katin kansa. Hanya biyu ce: Oyster, katin TfL da ake zuba wa kuɗi, wanda ya fito a 2003, ko katin banki na taɓawa da waya, da aka fara karɓa a jirage a 2014. Kuɗin hawa na babban mutum ɗaya ne a duka biyun. Bambancin shi ne Oyster yana cirewa nan take, kana ganin ragowar kuɗinka a ɗan allon na'urar, da ka yi kuskure za ka farga tun a ranar. Katin banki kuwa sai yini ya ƙare ake tattara komai a cire a dunƙule, shi ya sa ka yi sati biyu ba ka ankara ba. Sabon Oyster akwai kuɗin kati da ba a mayarwa, ana samunsa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙananan shagunan unguwa masu alamarsa. Katunan banki da ake karɓa su ne Visa, Mastercard, Maestro da American Express, Verve ba ya ciki. In katin gida ne a hannunka, na naira ko na dala, ka tuna bankinka yana iya ɗora nasa kuɗin canji a kan kowace cirewa, ga iyakar da bankuna suke sa wa kashe kuɗi a waje. Ranar da TfL ta nemi kuɗinta banki ya ƙi biya, katin ya daina buɗe ƙofa har sai ka biya bashin. Da zarar ka buɗe asusu a nan, ka koma katinsa.

Duk wanda ka zaɓa, da shi za ka shiga, da shi za ka fita. Nan ma mutane da yawa suna asara. Katin roba da ke aljihunka da hotonsa da ka sa a wayarka asusu ɗaya suke ja, amma a wajen na'urar abu biyu ne daban. Ka shiga da waya ka fita da kati, tafiya biyu marasa kammala. Agogon hannu ma na uku ne. Kada kuma ka manna walat gaba ɗaya a faifan in akwai kati fiye da ɗaya a ciki, na'urar tana iya ɗaukar wannan da safe ta ɗauki wancan da yamma. In da waya kake biya, cajin batir wajibi ne: ta mutu a hanya ba ka da abin fita, ba ka da abin nuna wa mai dubawa. Kuma kati ɗaya mutum ɗaya. Ba a taɓa wa aboki, ko da kuɗi sun cika katin. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 dai kyauta suke hawa DLR in suna tare da babban da ya biya, har guda huɗu.

Amfanin tsayawa a kan kati ɗaya ba kauce wa asara ba ne kawai. Akwai iyakar abin da za a cire maka a yini, in ka kai ta sauran hawan ranar kyauta ne. A 2025 iyakar shiyya ta 1 zuwa ta 2 £8.90 ce, ta 1 zuwa ta 4 £12.80, ta bas da taram kaɗai £5.25. Yinin yana farawa daga 4:30 na asuba zuwa 4:29 na asubar gobe, akwai kuma iyakar mako daga Litinin zuwa Lahadi. Za ka tambaya, to ta yaya aka cire mini fam ashirin alhali iyakar ba ta kai haka ba? Saboda kuɗin tafiyar da ba a kammala ba ba ya shiga wannan lissafi, a gefe ake ɗora shi. Farashin nan yawanci a watan Maris ake sauya su, ka riƙa duba shafin TfL, akwai wurin da za ka sa tashoshi biyu ya nuna maka kuɗin.

Lokaci ma yana da tasiri a DLR, ban da taram da bas. Litinin zuwa Juma'a daga 6:30 zuwa 9:30 na safe, da 4:00 zuwa 7:00 na yamma, kuɗin cunkoso ake biya. Lokacin da ka taɓa na shiga shi ake dubawa, ba lokacin sauka ba. Za ka ga mutane sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa da ƙarfe tara da minti ashirin da takwas suna kallon agogo, ba jirgi suke jira ba. In laccarka ta sha ɗaya ce, ka bi sahunsu.

Kada rashin shinge ya yaudare ka. A kowane jirgin DLR akwai ma'aikaci ɗaya mai kula da ƙofofi, kuma yana bi yana duba katuna da wata 'yar na'urar hannu. Ban da shi akwai masu duba tikiti da ke tare hanyar fita a wasu ranaku, wasunsu ba kayan aiki a jikinsu. Duk yammacin da ka hau daga Cyprus ba ka taɓa ba, a doka kai marar tikiti ne, Allah ne ya rufa maka asiri. Tarar £100 ce tun Maris na 2024, tana komawa £50 in an biya cikin kwana 21. Tara dai kuɗi ce, a biya a wuce. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne aron katin rangwame na wani. Gwaggo tana iya samun Freedom Pass na tsofaffi ko Oyster na masu shekara 60, wata rana don tausayi ta ce riƙe ka je ka dawo. Ka yi mata godiya ka ƙi. Irin wannan kati yana kunna wani haske daban a ƙofa, kuma masu dubawa shi suka fi sa wa ido. Wannan ba a ɗaukarsa mantuwa, kotu ake iya kai mutum, tarar tana iya kaiwa £1,000, sannan hukuncin ya zauna a takardunka. Kai da za ka nemi sabunta biza, inda ake tambayar ko kotu ta taɓa hukunta ka, bai kamata ka sayar da wannan a kan fam biyu ba.

Rangwamen da yake halal gare ka iri biyu ne, kuma ɗalibai suna yawan rikita su. Katin 18+ Student Oyster, wanda ake nema ta intanet makaranta ta tabbatar da kai, yana rage kashi 30 cikin 100 a kan Travelcard na mako ko na wata (tikitin da ke ba ka damar hawa ko sau nawa a shiyyoyin da ka zaɓa) da fasin bas da taram. Ba ya rage ko kwabo a biyan hawa ɗaiɗai. Shi kuwa 16-25 Railcard, katin rangwamen jirgin ƙasa na matasa, wanda ɗalibin cikakken lokaci yake iya samu ko ya haura 25, in ka kai shi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ma'aikaci ya haɗa maka shi da Oyster, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi a lokutan da ba na cunkoso ba. A Oyster ake ɗora wannan rangwamen, wannan ne babban dalilin da zai sa ɗalibi ya bar katin banki. Ra'ayina, mai digiri na biyu da yake shiga makaranta kwana biyu ko uku a mako, Oyster da Railcard sun fi masa. In kuma ka sami ɗan aiki kana fita kullum da sassafe, ka yi lissafin Travelcard na shiyya ta 3 da ta 4 da rangwamen ɗalibai. Yana ɗauke maka kuɗin bas ko'ina a Landan, har da taram ɗin zuwa wajen gwaggo, domin Travelcard da ya ƙunshi shiyya ta 3, 4, 5 ko 6 yana aiki a taram.

Sai batun dawo da kuɗinka. A nan ba zan yi maka alƙawarin duka ba. Wani lokaci kwamfutar da kanta take cike gurbin in ta ga mutum ya saba bin hanya ɗaya ya manta sau ɗaya, shi ya sa ake cewa a jira awa 48 kafin a nema. Kai ba ka taɓa kammala tafiyar ko sau ɗaya ba, ba ta da abin da za ta kwatanta da shi. Ka buɗe asusu a shafin TfL, ka sa lambar katin da kake hawa da shi. Za ka ga tarihin tafiye-tafiyenka, waɗanda ba a kammala ba an yi musu alama. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta Cyprus a matsayin inda ya kamata ka taɓa, ka faɗi dalili, za a mayar maka da bambancin cikin katin. Sharuɗɗa biyu ne: kada tafiyar ta wuce mako takwas, kuma ta intanet sau uku kawai ake nema a wata. Naka sun fi haka nesa ba kusa ba. Saboda haka ka nemi ukun yanzu, sauran kuma ka buga wa sashen kula da fasinjoji waya, lambarsu tana shafin. Kafin ka buga, ka jera ranakun a takarda. Ka gaya musu gaskiya tsagwaronta: sabon zuwa ne, kullum Woolwich Arsenal zuwa Cyprus da dawowa, ba ka san akwai na'ura a Cyprus ba. Tarihin katin zai gaskata ka, tunda kowace rana taɓawa biyu ce a Woolwich, ta safe da ta yamma. Abin da za su mayar bayan ukun nan ganin damarsu ne, don haka ka yi magana da laushi, ban da ɗaga murya. In wata ya juya kafin mako takwas ɗin su cika, kana da wasu ukun na sabon wata, ka fara da tafiye-tafiyen da suka fi daɗewa. Ka gaida gwaggo.